Ƙarar da fitila ke sa wa jita idan an rage haske: ta ina take shiga, yaya ake rage ta?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Agege, ina kaɗa jitar lantarki a wata 'yar ƙungiya, irin salon Agadas muke yi, muna zuwa bukukuwa da dina, wani lokacin kuma ina naɗar sauti a ɗakina. Matsalata ita ce duk sanda aka rage hasken fitilu a zaure sai wata ƙara ta cika lasifika, ba ta tsayawa. A ɗakina ma haka take yi tun da na sa dima, wato maɓallin rage haske, a bango. Jitata irin Stratocaster ce, amfilifayar kuma ta hannu na saya. Na canja kebul, na sayi sitabilaiza, babu abin da ya sauya. Wani ya ce in cire ƙafa ta uku ta fulogi, wani ya ce sai na canja fikof. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da shawarar farko da aka ba ka, domin ita ce mai iya kashe mutum: kada ka taɓa ƙafa ta uku ta fulogin nan. Bayaninta na nan tafe, amma ka riƙe wannan tun yanzu. Ta biyun, canja fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, tana iya yin aiki, sai dai ita ce mafi tsada, kuma ba da ita ake farawa ba.

In na fahimce ka daidai, jitarka shiru take idan fitila na kashe, sai an murɗa dima an rage haske ƙarar ke tasowa, kuma abin na faruwa a wurare biyu daban, ɗakinka da zauren biki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna kayanka ba lalacewa suka yi ba. Akwai abin da ke haifar da ƙarar, akwai abin da ke kama ta, akwai kuma hanyar da take bi tsakaninsu. Kebul da sitabilaizar da ka saya ba su yi maka komai ba ne saboda an saye su tun ba a san hanyar ba.

Abin da dima ke yi wa wuta

Wutar da ke soket ɗinmu a Najeriya bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma tashinta da saukarta a hankali suke, babu fizga. Dimar bango ba ta rage ƙarfin wannan wuta kamar yadda mutane ke zato. Yanka ta take yi. A cikinta akwai wani ɗan maɓallin lantarki da ake kira TRIAC, wanda ke tare wutar a farkon kowane rabin zagaye, ya ɗan jira, sannan ya sake ta lokaci guda. Kowane zagaye rabi biyu ne, ke nan sau 100 a daƙiƙa ake tarewa ana saki. Gwargwadon daɗewar jiran, gwargwadon dusashewar fitila. Joel Spira ne ya ƙera irin wannan dima ta gida a Amurka a 1959, ya kafa kamfanin Lutron a 1961, kuma har yau dimomi masu araha a kan wannan dabara suke, don ba ta cin wuri, ba ta ɓarnar wuta.

Aibinta yana wajen sakin. Idan ka tsayar da dima a tsakiya, sakin na zuwa ne daidai lokacin da wutar ta kai ƙololuwarta, wajen bolt 325. Daga babu zuwa 325 cikin ƙiftawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ka san yadda bututu ke bugawa a bango idan aka rufe famfo mai ƙarfi da fizga? To haka wayoyin gida ke amsawa, sau 100 kowace daƙiƙa. Wannan bugu ba ya tsayawa a 50. Yana haifar da ninke-ninkensa, 150, 250, 350, har zuwa dubbai, har ya hau zangon rediyo. Shi ya sa ƙarar ta fi tsanani a tsakiya, ta ragu idan an ƙure haske, ta ɓace idan an kashe.

Yana da kyau kunnenka ya koyi raba ƙara biyu. Akwai ƙugi mai kauri, na ƙasa-ƙasa, wanda ake samu kusa da taransifoma ko idan wayoyin ƙasa, wato na ƙafa ta uku ta fulogi, sun yi zobe tsakanin na'urori. Akwai kuma ziza mai kaifi, mai ƙaiƙayi a kunne, ita ce ta dima. Duka biyun za ka ji su kusa da muryar G, wadda ke gaɓa ta uku a tsirkiya mafi kauri, domin ita sau 98 take kaɗawa a daƙiƙa, dab da 100. Na faɗi wannan ne saboda yawancin bayanan da za ka gani a intanet daga Amurka suke, inda wutarsu ke kai da komowa sau 60 a daƙiƙa. Duk wata na'ura ko manhaja da aka saita don cire 60 ba za ta taɓa tamu ba sai an mayar da ita 50.

Wani abin da nake yawan cin karo da shi a Legas, kuma ba kasafai ake zarginsa ba, shi ne regiletar fanka. Ƙaramar nan ta lantarki mai murɗuwa sumul ba tare da tsalle ba, dima ce sak, TRIAC ne a cikinta. An taɓa kira na wata majami'a da masu jita suka gaji da ziza, kowa na kallon fitilun dandamali, ashe jerin regiletocin fankokin sama ne a bangon bayan mawaƙa. Da aka ƙure su ko aka kashe, sai shiru. Regileta mai matakai, wadda ke yin ƙas-ƙas daga 1 zuwa 5, ba ta yanka wuta, ba ta kawo wannan matsala. Haka nan inbata mai araha, wadda wutarta ke fita a matakai maimakon lanƙwasa, tana zuba irin wannan ziza a duk wayoyin gida ko babu dima ko ɗaya. Cajojin waya marasa inganci da wasu ƙwayayen LED su ma suna taɓukawa.

Me ya sa jita ce ke kamawa

Fikof ɗin Stratocaster ba komai ba ne illa maganaɗisu shida da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi wajen 8,000. Aikinsa ya ji motsin tsirkiya a cikin filin maganaɗisu ya mayar da shi 'yar wuta. Amma bai san bambancin tsirkiya da wayar fitila ba. Duk wani filin maganaɗisu mai sauyawa da ya ratsa naɗin, zai mayar da shi sauti. Siginar kuma 'yar ƙarama ce, ba ta kai bolt ɗaya ba a yawancin kiɗa, sai amfilifaya ta ninka ta sau ɗaruruwa. In ka ƙara fedal, ɗan akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa, wanda ke kaurara sauti ko mai matse shi, ninkin ya haura dubbai, tare da duk dattin da ya shigo.

Hanyoyin shigar uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai filin maganaɗisu da ke tasowa daga wutar da ke gudana a wayar fitila, shi naɗin fikof ke kamawa. Akwai filin lantarki da ke tasowa daga bolt ɗin da ke kan wayar, shi kuma duk wata waya marar suturar ƙarfe a cikin jita ke kamawa, har da jikinka. Sai ta ukun, wadda ba ta bi ta iska ba: dattin ya biyo wayar wuta ko wayar ƙasa ya shiga amfilifaya ta fulogi. Mutane da yawa sun liƙe cikin jitarsu da jan ƙarfe suka ce ƙarya ne ba ya aiki, alhali tasu ƙarar ta maganaɗisu ce, wadda siririn jan ƙarfe ba ya tarewa.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

Ka kunna dimar ɗakinka ka tsayar da ita inda ƙarar ta fi yawa. Cire duk fedal, jita kai tsaye zuwa amfilifaya. Yanzu murɗa muryar jita, wadda ke jikinta, zuwa sifiri. In ƙarar ta mutu, ta jita take shiga. In tana nan, zare kebul ɗin daga amfilifaya gaba ɗaya. In ta mutu a nan, kebul ne ko bakinsa. In har yanzu tana nan alhali babu abin da ke jone, to ta wayar wuta take shigowa, kuma babu abin da za ka yi wa jita da zai taɓa ta.

A mafi yawan lokuta da na gani, ta jita take shiga. To sai ka buɗe murya, ka tsaya riƙe da jitar, ka juya a hankali har ka zagayo. Idan akwai fuskar da ƙarar ke kusan ɓacewa da wadda take tsananta, filin maganaɗisu ne, domin shi yana da alƙibla. Ka tabbatar da mazaɓin fikof, ɗan maɓallin nan mai matsayi biyar a jikin jita: a yawancin Stratocaster na zamani an naɗa fikof na tsakiya a juye, maganaɗisunsa ma a juye, saboda haka a matsayi na 2 da na 4 ƙarar da ɗaya ya kamo ɗayan na soke ta. In ziza ta faɗi ƙasa sosai a nan, ka samu amsa.

Daga nan sai gwajin tsirkiya. Ka ɗauke hannu daga duk wani ƙarfe na jita, ka saurara, sannan ka dafa tsirkiyoyin. In ƙarar ta ragu, filin lantarki ne, kuma jitar na yin abin da aka gina ta ta yi: jikinka ne ke tattaro dattin yana kai shi kusa da fikof, dafa tsirkiya kuma na zubar da shi ƙasa. Babban bambanci tsakanin dafawa da sakewa na nufin cikin jitar na buƙatar sutura. In babu wani canji ko kaɗan alhali gwajin juyawa bai nuna filin maganaɗisu ba, ko ma ƙarar ta ƙaru da ka dafa, to wayar da ke haɗa gadar tsirkiya da ƙasa ta tsinke, ko kuma wani mai gyara ya juya wayoyi biyu na bakin kebul. Iskar Legas mai danshi da gishiri na cin waɗannan mahaɗai da tsatsa, musamman da damina, kuma sau da yawa gogewa da sabuwar dalma kaɗai ke rage rabin matsalar.

Don gano mai laifin a bango, ɗauki ƙaramin rediyo mai batir, irin wanda ake jin labarai da shi, ka sa shi a matsakaicin zango, inda babu tasha. Ka bi bango da shi. Kusa da dima, ko regileta, ko caja mai datti, zai yi ziza iri ɗaya da ta lasifikarka. Ni har yau ba na fita aiki babu shi a jaka. Yana kuma nuna maka idan abin daga ɗakin maƙwabci yake, wanda a gidajen haya na Agege ko Idi-Araba, inda bango ɗaya ne tsakani kuma mita ɗaya ke ciyar da ɗakuna da yawa, ba baƙon abu ba ne.

Gyara daga wajen fitila

A ɗakinka kai ne mai iko, saboda haka a nan za ka fi samun nasara, kuma ra'ayina a fili yake: ɗakin da ake naɗar jita bai kamata a same shi da dimar TRIAC ba. Ka sa mai gyaran wuta ya cire ta ya mayar da maɓalli na yau da kullum. In hasken kwanciyar hankali kake so lokacin aiki, raba fitilun gida biyu a maɓalli biyu, ko ka ajiye ƙaramar fitilar tebur mai ƙaramin ƙwai, ko mai batir. Wannan shi ne gyara mafi arha a duk abin da zan faɗa maka, kuma shi kaɗai ne ke kashe ƙarar daga tushe.

In dole sai dima, akwai wadda ke yanka wutar a ƙarshen rabin zagaye maimakon farkonsa. Tana barin wutar ta tashi yadda ta saba, ta yanke ta da sassauci daga baya, ita aka fi yi wa ƙwayayen LED, kuma ƙararta ba ta kai ta ɗayar ba. Ka duba kwalin ƙwan ma: in ba a rubuta cewa ana iya rage haskensa ba, kada a haɗa shi da dima kowace iri, domin zai yi ƙyaf-ƙyaf, ya ƙara datti, ya mutu da wuri. Tsofaffin ɗakunan naɗar sauti suna amfani da taransifoma mai murɗuwa don rage ƙwai mai zare, wadda ke rage bolt na gaske ba tare da yanka ba. Tana da nauyi da tsada, kuma dole a ajiye ta nesa da jita don ita ma tana da nata filin maganaɗisu.

Akwai wani abu a wayarin ɗin gidajenmu da ya kamata in tsaya a kansa, don shi ke sa dima iri ɗaya ta yi shiru a wani gida ta yi ihu a wani. Idan wayar da ke kai wuta da wadda ke dawo da ita suna tafiya manne da juna, filayensu na soke juna, abin da ke fita kaɗan ne. Amma mai wayarin da ke son rage tsawon waya yakan kai layif ta bututu ɗaya, ya aro nutural daga wani layin ta wata hanya daban. Sai wayoyin biyu su yi babban zobe da ya kewaye ɗakin, kai da jitarka kuna tsakiyarsa. A irin wannan ɗaki duk inda ka juya ziza na nan. Gyaransa a sake jan wayoyin fitilar tare a bututu ɗaya, kuma aikin ƙwararren mai wayarin ne, ba na makaɗi ba.

Gyara a cikin jita

In gwajin tsirkiya ya nuna filin lantarki, sutura ce magani. Ana samun tef ɗin jan ƙarfe a wajen masu sayar da kayan lantarki a kasuwar Alaba. A liƙe duk ramukan cikin jita da shi, da bayan farantin da ke ɗauke da fikof, yadda in an rufe za su taɓa juna su zama akwati guda. Sharaɗi biyu ne. Dole kowane yanki ya haɗu da na kusa da shi, a ɗiga dalma a mahaɗa in gam ɗin tef ɗin ba mai wuce wuta ba ne, sannan a haɗa duka da wayar ƙasa ta jita. Suturar da ba a haɗa da ƙasa ba tana iya ƙara ƙarar. Na biyu, kada ta taɓa ƙafafun mazaɓi ko harshen bakin kebul, in ba haka ba jitar za ta yi gum. Ka auna da mita: daga tsirkiya zuwa ƙarfen bakin kebul, da daga kowane lungu na suturar zuwa can, ya kamata ka ga kusan sifiri. Wayoyi biyu da ke fitowa daga kowane fikof kuma a murɗe su da juna. Kada a naɗe naɗin fikof ɗin kansa da jan ƙarfe har ya rufe zobe, yana dusashe kaifin sauti, kuma kai da ke salon Agadas da kaifin nan kake cin abinci.

In kuwa filin maganaɗisu ne, a nan ne maganar canja fikof ke shigowa. Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson fikof mai naɗi biyu a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, kuma dabararsa ita ce wadda ka ji a matsayi na 2 da na 4: naɗi biyu masu saɓawa, su soke ƙarar waje su haɗa sautin tsirkiya. Sai dai sautinsa ya fi kauri da duhu. Akwai waɗanda aka ɗora naɗi biyun ɗaya bisa ɗaya don su shiga ramin Stratocaster su kuma kwaikwayi muryarta, akwai masu batir irin na EMG, waɗanda sun fi kowa shiru. Duka suna aiki, amma sokewar ta fi cika a kan ƙugin ƙasa fiye da saman ziza, kuma ko wanne ka sa muryar jitarka za ta ɗan sauya. Kafin ka kashe wannan kuɗi, ka ari jitar wani mai naɗi biyu ka gwada a wurin da ke ba ka wahala.

Kebul kuma kada ya wuce mita 5 ko 6 tsakanin jita da na'ura ta farko. Fedaloli ka gwada su da batir mai bolt 9. In ƙarar ta ragu, adaftarsu ce mai datti, sai ka nemi mai raba wa kowane fedal tasa wutar. Fedal mai rufe ƙofa idan ka daina kaɗawa yana da amfani a dandamali, amma ɓoye ƙarar yake yi, ba cire ta ba, kuma in ka matsa shi zai riƙa yanke wutsiyar sautinka.

Ƙafa ta uku

Tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da gangar jikin amfilifaya ta cikin kebul. Gangar jikin kuma a haɗe take da ƙafa ta uku, wadda ke zuwa sandar ƙarfen da aka binne a ƙasa. Ranar da wata waya ta kwance a cikin amfilifaya ta taɓa jikinta, wannan ƙafa ce ke ɗauke wutar har fiyus ya ƙone ko bireka ta faɗi. In ka cire ta, wutar za ta zauna a kan tsirkiya tana jira. Hannunka na kan tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirufo, hanya ta buɗe ta ƙirjinka. A 1972 makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea ta Birtaniya, gaban 'yan kallo, da ya taɓa makirufon da ba shi da wayar ƙasa. Mu kuma muna kiɗa cikin gumi, wani lokacin a kan siminti mai laima.

Abin da ya sa shawarar ke yawo shi ne wani lokacin takan rage ƙugi, idan amfilifaya da miksa, na'urar haɗa sautuka, na jone a soket daban-daban kuma wayoyin ƙasarsu sun yi zobe. Amma wannan zobe ana tsinka shi ne ta wajen sauti, da akwatin DI, ɗan akwatin da ake sawa tsakanin kayan kiɗa da miksa, mai taransifoma da maɓallin ɗage ƙasa, ba ta wajen wuta ba. Ga zizar dima kuwa, rashin wayar ƙasa ƙara ta yake yi, domin duk suturar da muka yi magana ba ta da inda za ta zubar da abin da ta tara.

Abin da na fi jin tsoro a kanka ma shi ne ƙila ba ka da ƙasar tun farko. Gidaje da yawa a nan soket ɗinsu na da rami uku amma babu waya a na ukun. Istenshin mai araha sau da yawa waya biyu ce a ciki. Ƙaramin janareta da aka ja wa waya biyu ta taga ba shi da ƙasa. Amfilifayar hannu da ta zo daga Amurka, mai bolt 120, takan zo da taransifomar rage wuta wadda ba ta wucar da ƙafa ta uku, ita kanta taransifomar kuma in tana kusa da ƙafarka ƙugi take zuba wa fikof. In kana jin wuta na ɗan cizon leɓenka a makirufo, ko yatsa a jikin amfilifaya, ka dakatar da kiɗa a nemi dalili. Ka sa mai wayarin ya auna soket ɗinka, ya kafa sanda in babu, ya kuma sa maka bireka mai gano yoyon wuta, ta miliyamf 30. Kada ka buɗe amfilifaya da kanka, musamman mai kwalaben gilashi a ciki, domin tana riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare ta.

Sitabilaizarka aikinta ɗaga wuta ko sauke ta idan ta yi ƙasa ko sama, ba ta tace komai. Ka ci gaba da amfani da ita don kare kaya. In gwaji ya nuna ta wayar wuta dattin ke shigowa, abin da ake nema matatar wuta ce ta gaske, ko taransifomar keɓewa, ko kuma a ɗauke amfilifaya daga layin fitilu a ba ta nata layin tun daga akwatin rarraba wuta.

A zauren biki

Nan ikonka kaɗan ne, sai lallashi da zuwa da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi mai fitilu tun kafin baƙi su iso, ka roƙe shi ya kawo hasken yadda zai kasance lokacin shigowar amarya, sannan ka gwada sautinka a haka. Gwajin da aka yi cikin cikakken haske ba ya nuna komai. Ka tambayi inda akwatin dimominsa yake ka tsaya nesa da shi, domin filin maganaɗisu na raguwa da sauri, taku uku ko huɗu na iya sauya lamarin. Kada kebul ɗinka ya kwanta jere da wayar fitila. In dole su haɗu, su gitta juna. Kayan sauti duka su sha wuta daga wuri ɗaya, kuma in zauren na da layi uku, a ba sauti layin da babu dima a kansa. A kan janareta abin ya fi muni, musamman ƙarami, don yankan da dima ke yi na ɓata wutar da kowa ke sha. Inda hali ya yi, sauti da nasa inji, fitilu da nasu.

Da ka sami fuskar da ƙarar ta fi sauƙi, ka sa alama a ƙasa ka tsaya a nan. Ka zauna a matsayi na 2 ko na 4 a wuraren da kiɗa ya yi sanyi, ka ɗan rage kaifi, ka saba da rufe muryar jita da ƙaramin yatsa tsakanin waƙa da waƙa. Mai fitilu nagari zai yarda ya ƙure wasu fitilun ya kashe wasu maimakon ya tsayar da duka a tsakiya, in ka yi masa bayani da ladabi.

Ba zan yi maka alkawarin shiru ɗari bisa ɗari ba. Jita mai naɗi ɗaya a ƙarƙashin dimomi masu araha, kan janareta, za ta yi ɗan ziza ko me aka yi, abin da ake nema kawai ta koma ƙasan kiɗa. A naɗin ɗaki kuma kada ka dogara da manhajar cire ƙara daga baya: tana neman 50 da ninke-ninkensa a tsaye, wutar janareta kuwa tana gaba tana baya, sai matatar ta kuskure ƙarar ta ci sautin. In kana naɗa da laftof, zare cajarsa ka yi aiki da batir ka ji bambanci. Ni kuma daga nan ba na jin ɗakinka, ba na ganin wayoyin bangonka. Ka yi gwajin murya, da na juyawa, da na dafa tsirkiya, ka turo mini abin da kowanne ya nuna, tare da abin da mai wayarin ya samu a rami na uku na soket ɗinka, sai mu san ko za a kai ga canja fikof.